Yabon da Ya Toshe Kwatar Nima

Tun farkon watan Mayu na 1986 ba wanda ya taɓa shebur a kwatar unguwar Nima, kuma Abukari ya san laifin wa ne, shi ya sa zama ya gagare shi. Ya fita bakin gada ya leƙa, ya dawo shagonsa ya taka keken ɗinki, ya sake fita. Ƙarƙashin gadar ya cushe da gwangwanaye da tsummoki da wata katifa da mai ita ya gaji da ita. Hadari kuwa kullum sai ya taso ta wajen teku. In ruwa ya sauko a haka, ɗakin da zai fara shiga shi ne na mahaifiyarsa, Mma Adiza, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta tun bara.

Abukari ne ciyaman ɗin ƙungiyar masu yashe kwata, aikin da ba a biyan kowa. Duk Asabar maza ke fitowa, Kotokoli da Dagomba da Zabarmawa da Hausawa, su shiga ƙazanta har gwiwa, su fito su sha koko su watse. Haka ake yi lafiya, har aka gayyace shi wani taro a cikin gari, inda wani mai zaƙin Turanci ya koya musu cewa ɗan sa-kai da yabo yake rayuwa. Abukari ya dawo da ilimi. Ranar Juma'a bayan sallama ya karɓi lasifikar masallaci, ya shaida wa duniya cewa Baba Gafaru kafinta shi ne gwarzon ƙungiya.

Asabar ta zo, ba ko mutum ɗaya.

"Ciyaman, ai kana da gwarzo," in ji Abdulai mahauci, yana wasa wuƙa. "Ya je ya yashe mana. Mu da muka je kallo fa?"

Abukari ya wuce shagon Baba Gafaru. "Baba, ni fa girmama ka na yi."

Tsohon bai ɗago daga katakon da yake gogewa ba. "Shekara da shekaru ina shiga kashin mutane don Allah ya rubuta min wani abu. Kai ka ɗauki lasifika ka biya ni tun a nan. Yanzu in na shiga, don wa na shiga?"

"To ya zan yi? Ruwa na tafe, Baba."

"Inda ka ɗora ni, can za ka sauke ni."

Juma'a ta zagayo. Abukari ya riƙe lasifika. "Jama'a, na yi kuskure. Baba Gafaru ba gwarzo ba ne. Ya karya mana shebur, kullum a makare yake zuwa, kuma koko ƙwarya biyu yake sha."

Liman ya ɓata rai. Sahun baya suka kece da dariya, don duk gaskiya ne.

Washegari suka fito, yawancinsu don su tsokani tsohon. Ya iso a makare, yana murmushi.

"Baba mai ƙwarya biyu! A ɓoye shebur!"

Suna fama da katifar ruwa ya kece. Abukari ya rasa inda zai tsaya: ya ja igiyar da suka ɗaura wa katifar tare da su, ya ruga gida, ya dawo, ya sake rugawa. Baƙin ruwa ya cika lungu, ya hau dakali, ya taɓa bakin ƙofar Mma Adiza. Sai ihu ya tashi daga gada. Katifar ta saki, ruwan ya fara ja da baya, ya bar takalmin wani a ƙofar.

"Wa ya buɗe kwatar?" tsohuwar ta tambaya daga kan gado. "In sa masa albarka."

Abukari ya tuna abin da lasifika ta jawo masa.

"Mutane ne, Mma," ya ce.