Duna Ba Ta Saki

Ɗalhatu gadi ya zo yi Doha, amma asalinsa ɗan mafarauta ne daga Ningi. Wata rana kafil ɗinsa, wato Balaraben da yake wa aiki, ya ga yadda ya kwantar da wani karen da ya gagari kowa, sai ya ɗauke shi daga ƙofar benen da yake gadi a unguwar West Bay ya kai shi gonarsa a bayan gari, ya danƙa masa karnuka shida. Kafil ɗin so yake ya tafi da su Rasha farautar beyar, wata ƙatuwar dabba mai gashi da ke miƙewa tsaye kamar mutum.

Osman direba, mutumin Kumasi, shi ke yi musu tafinta. Ya ce, "Ɗan'uwa, maigida ya ce su kewaye ta kawai suna haushi, har mai bindiga ya iso. Kada su kama."

Ɗalhatu ya yi tsaki. Kare mai haushi ai na gadin gida ne. A wajen babansa kare kamawa yake yi, ya riƙe maƙogwaro har dabba ta mutu. Biyar daga cikin karnukan ya koya musu abin da aka ce. Amma Duna, baƙar karya mai faɗin ƙirji da ya fi so, ita ya horar irin na gida. Ya kan rataya fatar akuya a bishiya, ta cafke tana lilo, in ta saki ta sha bulala, in ta riƙe ta ci hanta. Yana son ta ƙwarai, kuma yana so Larabawa su ga abin da karen Bahaushe ke yi.

Ranar gwaji da hantsi aka fito da beyar ɗin da kafil ya sayo, ɗaure da sarƙa a tsakiyar fili. Warinta ya daki hancin Ɗalhatu tun daga nesa. Bai taɓa ganin ta a tsaye ba sai yau.

Aka saki karnuka. Biyar suka kewaye ta suna haushi. Duna ko tsayawa ba ta yi ba, ta yi tsalle ta nutsa haƙora a wuyanta. Beyar ta rungume ta, ta matse, Ɗalhatu ya ji ƙarar ƙashi daga inda yake. Farce ɗaya ya farke mata ciki, hanji ya zubo a kan yashi.

"Duna, saki!" Ya yi ta kira har muryarsa ta dishe. Ina! Ƙafafunta na baya sun mutu, suna reto, amma bakin yana nan inda yake. Ya figi sanda zai shiga, Osman ya kama shi ta ƙugu suka zube tare.

Sai da aka harba wa beyar allurar barci kafin Ɗalhatu ya isa wurin Duna. Da sandar ya ɓamɓare muƙamuƙinta. Tana numfashi sama-sama, ta ɗago ido tana kaɗa masa jela. Ya zare wuƙa ya ƙarasa ta da hannunsa, yana kuka ba ya ko ɓoyewa.

Kafil ya ƙaraso yana tafi, fuska cike da murna, yana zuba Larabci.

"Me yake cewa?" in ji Ɗalhatu.

Osman ya kau da kai. "Ya ce bai taɓa ganin irin ta ba. Wai sauran biyar ɗin ma haka yake son su, ka fara gobe."