Laimar da Aka Yi wa Guga

"Ruwan ya yi yawa," in ji mijinta ta taga.

"Wa ya tambaye ka?" in ji ta, ba ta ko ɗaga kai ba. Tana tsugune a tsakar gida da gorar lemo ta roba a hannu, tana ɗura mata ruwa har wuya.

"Ba wanda ya tambaye ni. Amma in kika cika ta haka, ina iska za ta zauna? Kashi ɗaya cikin uku ake zubawa, Gimbiya. Ko ɗan firamare ya san wannan."

"To ɗan firamaren ya fito ya nuna mini mana."

Labulen taga ya koma ya rufe. Ta ci gaba da kallon gorar, amma zuciyarta bugawa take kamar ranar da ya fara sallama a ƙofar shagonta. Wata huɗu ke nan mijinta bai haɗa magana mai tsawon wannan ba. Ta zubar da ruwan a hankali har ya koma inda ya ce.

Mai faci ne, shagonsa na bakin titin da manyan motoci ke bi. Abokan sana'arsa Injiniya suke kiransa, rabi girmamawa rabi tsiya, saboda rokokin ruwa da yake ƙerawa. Gorar lemo zai samu, ya manna mata fukafukai na kwali, ya yi mata hanci mai tsini, ya zuba ruwa, ya kifa ta a kan wani katako mai bawul ɗin taya. Sai ya yi ta buga mata iska da famfon keke har ta ƙwace ta yi sama tana feshin ruwa. Duk Asabar da yamma yana filin bayan makaranta. Ita kuwa tela ce, kuma shekara uku ta yi tana mitar gorunan da suka cika mata ƙarƙashin gado. Ta sha ce masa mazan mutane na tara filaye, nata yana tara shara.

Sai ranar da tayar wata babbar mota ta fashe yana cikin ba ta iska, ƙarfen wili ya doke shi a hannun dama. Likita ya yi aiki, ya ce yatsun za su dawo in ana motsa su. An kwance ɗaurin tun wata biyu da suka wuce, amma shago na nan da kwaɗo, shi kuma yana ɗaki, hannun a cikin aljihu, fuska a bango. In ta yi zancen shago sai ya ce hannu. In ta kawo abinci ya ci loma uku. Ba talauci take tsoro ba, keken ɗinkinta na riƙe da gidan. Tsoronta shi ne mutumin da ta aura, mai surutun nan da ke tashe ta daga gyangyaɗi don ya yi mata bayanin fukafukai, yana zubewa a gabanta kaɗan kaɗan kamar taya mai ƙaramin huji.

Shi ya sa ta jawo kwalin gorunan. Yayarsa da ta zo dubiya ranar Alhamis ta tarar da ita tana manna kwali, ta riƙe haɓa ta ce miji a kwance mata na wasan yara, lallai gidan nan sai addu'a. Ta ce mata, Yaya, a haɗa da addu'ar, sannan ta roƙe ta ta riƙe mata bakin salatif. Yaya ta riƙe, tana ta tsaki.

Abu ɗaya ne babu a kwalin, laimar da ke buɗewa ta sauko da roka lafiya. Wannan kuwa ai aikinta ne. Ta zauna a keke ta ɗinka wadda ba a taɓa yin irinta ba.

Da la'asar ta yi sanyi ta ɗauki kayan ta nufi ƙofa. Ya ce ba inda za shi. Ta ce ai ba ta gayyace shi ba. Tana kaiwa bakin layi ta ji takun silifas a bayanta. Ya ce ya biyo ta ne kawai don kada ta tsone wa wani ido a zo a kama shi da laifi, tunda kowa ya san kayan wane ne.

Filin babu kowa sai awaki biyu da ragar ƙwallo da ta yage. Ta kafa katakon, ta kifa rokar, ta sa ƙafa ta danne famfo ta fara bugawa. Iska na shiga, ruwan na ɓulɓulowa da kumfa, robar na ƙara tauri tana ƙyas ƙyas. Hankalinta duk yana kan gorar. A bugu na ashirin da wani abu sai fau, ruwa ya wanke mata fuska da mayafi, roka ta tsaga sama har ta koma kamar ƙwayar gero.

Ta juyo tana dariya don ta ga fuskarsa. Ba ya inda ta bar shi. Yana can nesa a durƙushe, ya rufe kai da hannuwa biyu.

Rokar ta juyo, laima ba ta buɗe ba, ta zo ta caki ƙasa da hanci. Awakin suka watse. Shi kuma ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya ce ƙaya ce ta shiga silifas ɗinsa. Suka taka tare zuwa inda gorar ta faɗi.

Ya ɗauke ta da hagu, ya ɓalle hancin da ya lotse, ya zaro laimar. Ta fito a ninke, kusurwa huɗu cif, kamar hankicin ango. Ya warware ta yana juyawa. Yadi ne mai kauri, an yi masa shafi, an kalmashe bakin sau biyu, ga ɗan fure da zare ja a tsakiya.

"Gimbiya," ya ce a hankali, "guga kika yi mata?"

"Da sitati ma. Kana so ta tafi sama a yamutse, a ce matar wa?"

Dariyar ta fara ne daga kafaɗunsa. Ya yi ƙoƙarin riƙe ta ya kasa, ya zauna a ƙasa daɓas yana riƙe ciki. Cikin dariyar yake gaya mata laima leda ake yi da ita, mara nauyi, a cukuikuye ta sako-sako a barbaɗa mata hoda don kada ta manne, ita kuwa wannan ko daga jirgin sama aka jefo ta sai dai ta sauka a ninke ta jira mai kaya ya zo karɓa. Ta zauna kusa da shi tana cewa ya bar ganin laifinta, ita abin da aka koya mata ke nan. Ba ta san lokacin da dariyar ta juye ba. Sai gani ta yi ya kifa fuska a cikin yadin, kafaɗun na rawa ta wata hanya daban.

Ta bar shi har ya lafa. Sannan ya fito da hannun dama, ya dunƙule shi a gabanta, ya buɗe, ya sake dunƙulewa. Yatsun biyar duka suka bi umarni, ƙaramin ne kawai ya ɗan makara.

"Hannun ya daɗe da warkewa," ya ce. "A ɓoye nake motsa shi in kin tafi shago. Iskar ce. Ko tsiiii na famfon keke na ji, sai cikina ya ɗuri ruwa. Mai faci da ke tsoron iska, ki gaya mini, wa zan faɗa wa wannan?"

Haushi ya fara zo mata, na wata biyun da ta yi tana dafa ruwan gashi tana kuka a kicin. Tausayi ya biyo baya ya cinye haushin. Ta kama hannun ta riƙe a cinyarta, tana shafa tabon ɗinkin da likita ya yi, wanda a ranta ta daɗe tana ganin da ita aka ba wa da ya fi haka kyau. Ta so ta faɗi wata magana mai daɗi, irin ta littattafai. Abin da ya fito daga bakinta tambaya ce. Ta ce shin dole ne sai mutum ya tsaya a kan abu kafin ya ba shi iska? Ita dai in wayar dutsen guga ta yi mata gajarta, ƙara mata tsawo take yi.

Ya ce ai haka aka saba, haka maigidansa ya koya masa, a tsuguna a kan taya, wanda ya ja baya ma dariya ake masa. Can ya tsinci tsinke ya fara zane a ƙasa, da hannun dama, bai ma lura ba. Ga katako a nan, ga famfo can, ga dogon layi tsakaninsu, tiyon iska ke nan. Ya ce geji sai ya dawo kusa da famfo, yadda mutum zai ga ƙarfin iskar daga inda yake. Ya goge da tafin hannu ya sake zanawa. Har rana ta kusa faɗuwa yana magana, ita kuma tana gyaɗa kai, rabin abin ba ta gane ba, ba ta kuma so ya tsaya.

Makon nan gidan ya koma kamar ana gini. Ya aike ta kasuwa sau biyu neman tiyo, na farkon ya ce ya yi faɗi. Ya ari almakashinta mai tsada ya yanka leda da shi, ta yi kamar ba ta gani ba. Ya kafa mata doka kada ta kusanci sabuwar laimar da dutsen guga ko da wasa. Wata rana da safe ta same shi tsaye a gaban famfon, ya dafa shi, bai buga ba. Ta koma ɗaki da sanɗa.

Asabar ta zagayo. Ya shimfiɗa tiyon a filin yana ƙirga taku, sha biyar. Ya tsaya a bayan famfo, ita a gefensa. Bugu na farko da iskar ta yi tsiiii sai ya saki, ya ja baya. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ta matsa har kafaɗarta ta taɓa tasa, ta ce ita za ta riƙa karanta masa gejin, shi ya kalli rokarsa. Ya sake kamawa da hannu biyu. Allura na hawa tana faɗa.

Da rokar ta ƙwace da ƙarar nan ya runtse ido, kafaɗunsa suka zabura, amma ƙafafunsa ba su gusa ba. Ya buɗe ido a kan lokaci. Can ƙololuwa rokar ta yi ɗan jinkiri, hancin ya ɓalle, ledar shuɗiya ta warware ta cika da iska. Ta riƙa saukowa tana lilo a cikin hasken yamma, a hankali, har ta kwanta a kan ciyawa ko lotsawa ba ta yi ba.

Ita kuka take, ba ta ɓoye ba. Shi kuwa tiyon yake kallo, daga ƙafarsa har zuwa katako, leɓunansa na motsi kamar mai lissafi. Ya ce in ya yi wa gora, zai yi wa taya. Ya ce tayar babbar mota ma ana iya tura ta cikin kejin ƙarfe kafin a ba ta iska, in ta fashe ta fashe a ciki, mutum yana can nesa da gejinsa. Ta tambaye shi abokan sana'a fa, da bakinsu. Ya fara naɗe tiyon a gwiwar hannu.

"Su yi ta dariya har su gaji," ya ce. "Gobe zan je wurin mai walda ya auna mini kejin. Ranar Litinin, in Allah ya kai mu, zan buɗe shagona."