Taka Birki In Gani

Duk bakaniken da ya san aikinsa zai gaya maka cewa abu ɗaya ne a jikin mota mutum ba ya iya duba wa kansa, wato danjar birki, jar fitilar baya. Sai mutum biyu. Ɗaya ya zauna ciki ya taka, ɗaya ya tsaya a baya ya ce ta kama ko ba ta kama ba. Shekara arba'in da ɗaya ina wannan sana'a a garinmu, har bayana ya ranƙwafa, ban taɓa ganin wanda ya iya hango ƙeyarsa ba.

Sunana Lucius. Yayata Vernetta shekara biyu kacal ta ba ni, amma in ka ji tana yi mini faɗa sai ka rantse ita ta haife ni. 'Ya'yanta biyu, Rondell da Janiece. Rondell 'yan sanda suka kashe shi shekara biyar da suka wuce, da la'asar, a gaban shagon wankin kaya, yana da shekara ashirin da shida. Sun ce sun tsayar da shi ne saboda danjarsa ta hagu ba ta kamawa. Ya miƙa hannu zai ɗauko takardun mota, ɗan sandan da ke tsaye a tagarsa ya ce ya ga kamar bindiga. Da aka duba, takardu ne a wurin da kwalin cingam. An yi zanga-zanga, an buga hotonsa a riguna, aka yi ta kai mu ana dawo da mu shekara biyu, daga ƙarshe aka ce babu wanda za a tuhuma. Har yau in na tuna sai in ji ɗaci a bakina, kuma ban taɓa roƙon Allah ya cire mini shi ba.

Bayan an rufe shari'ar aka sako mana motar. Na janyo ta na ajiye a bayan gidan Vernetta, ta rufe ta da shuɗin tamfol, ta rataya makullin a wuyanta tare da ɗan gicciyenta. Daga ranar ta kafa doka: babu wanda zai ƙara riƙe sitiyari a gidanta. Ita kanta da ƙafa take zuwa coci da kasuwa, ko ana ruwa. Ni kuwa sai na fara abin da na iya. Duk Asabar ta farkon wata nakan kai akwatin ƙwayayen fitila filin cocinmu, duk baƙar fata irinmu da ya shigo da mota in duba masa danja da sigina kyauta, don kada a samu dalilin tsayar da shi. Mutane suna zuwa har layi ya kai titi. Vernetta ba ta taɓa leƙowa ba.

Janiece kuwa a ɓoye na koya mata tuƙi, a ɓoye ta yi lasisi. Ta gama karatun jinya, aka ɗauke ta aiki a wani asibiti da ke gundumar da ke maƙwabtaka da mu, tafiyar minti arba'in, kuma babu bas ɗin da ke zuwa can. Ranar Litinin ƙarfe bakwai za ta fara. In ba ta je ba, akwai wasu a layi. Yarinya ce mai shekara ashirin da huɗu, da ta ga dama sai ta nemi mota ta yi gabanta, amma ta ce mini, "Kawu, ba zan fita in bar ta tsaye a taga tana mutuwa kullum ba. In ba ta yarda da bakinta ba, na haƙura."

Ran Juma'a da rana na je gidan. Na tarar Vernetta tana soya tarwaɗa, burodin masara yana cikin murhu, Janiece na zaune a teburi ta yi tagumi.

"Yaya, sannu da aiki."

"Ai ƙamshin kifi ba ya wuce hancinka. Wanke hannun nan mai baƙin mai kafin ka taɓa mini faranti. In kuma aiko ka aka yi, ka koma."

"Ba wanda ya aiko ni. Amma tunda kin taɓo maganar..."

"Ban taɓo ba."

Janiece ta ɗago kai. "Mama, shekara huɗu na yi ina karatun nan. Ke kika guge mini farar rigar ranar da aka yaye mu."

"Akwai gidan tsofaffi a nan bayan layi, suna neman mutane. Da ƙafa za ki je ki dawo."

"Masu shara suke nema, Mama."

"Shara ba ta kashe kowa ba."

Janiece ta tashi ta fita, ko ƙofar ba ta buga ba. Da ta buga ma da ya fi mini sauƙi. Na zauna ina kallon bayan yayata, raina ya ɓaci, na ce, "Yaya, sun ɗauke miki ɗaya, yanzu ke da kanki za ki binne ta biyun da ranta?"

Na zaci ludayi zai biyo ni. Sai ta kashe wuta a hankali, ta ja kujera ta zauna, ta ɗora hannuwanta a kan teburin, duk garin masara a yatsunta.

"Lucius, kai ka koya wa yaron nan duba fitila duk Asabar, ko ba haka ba?"

"Ni ne."

"To ran nan da safe ya leƙo ta ƙofar nan. Ya ce, Mama, zo ki taka mini birki in gani, minti ɗaya. Ina yi wa wata kitso, man kitso duk a hannuna. Na ce masa anjima. Ya ce to, ya sumbace ni a goshi ya fita." Ta kalli ƙofar. "Minti ɗaya ya roƙe ni. Da na tashi da mun ga ta mutu, da ya biya ta wurinka ka canja masa ƙwai. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Fasto bai sani ba. Kai kana can fili kana raba ƙwayaye, ni ko kallon jar fitila ba na iya yi."

Shekara da shekaru muna cin abinci a teburi ɗaya, ita da nata ɓoyon, ni da nawa, kowa yana ganin rufa wa ɗan'uwansa asiri yake yi.

Na ce, "Yaya, fitilar nan lafiyarta ƙalau."

Ta dube ni kamar na yi wani yare.

"Ranar da aka sako motar, kafin in kawo ta nan, na sa mata batir a gareji. Matata marigayiya Earline ce ta zauna ta taka, ni na tsaya a baya. Duka biyun suka kama, hagu da dama. Na kira lauya, ya ce an riga an rufe, ba abin da zai canja. Na yi ta tunanin in gaya miki, sai na ga in kika ji cewa haka kawai suka tsayar da shi, ba gaira ba dalili, zuciyarki ba za ta ɗauka ba. Sai na yi shiru, na sa matata ta yi shiru har ta koma ga Ubangiji."

"Ƙarya kake. Don ka kwantar mini da hankali ne."

"Tun muna yara na taɓa yi miki ƙarya ta ɗore?"

"Fita mini daga gida."

Na fita, ko kifin ban ɗanɗana ba. A hanya ina ta zagin kaina. Wai ni mai wayo, na zauna na yanke wa babbar mace abin da za ta iya ɗauka da wanda ba za ta iya ba, ashe ni na bar ta da kayan da ya fi nauyi.

Washegari da hantsi na ɗauki sabon batir na koma. Ban ƙwanƙwasa ba, na zagaya baya na yaye tamfol ɗin. Tayoyi sun sace, gizo-gizo ya yi gida a madubi, wata kyanwa ta fito daga ƙarƙashi tana harara ta. Janiece ta fito ta tsaya ta naɗe hannu. Ina cikin ɗaure kan batir sai ga Vernetta a bakin ƙofa, da rigar barci da hular gashi, idanunta sun kumbura.

"Ka taɓa ƙwan?"

"Zo ki duba da idonki."

Ta zo ta sunkuya. Kusoshin da ke riƙe da gilashin danjar sun yi tsatsa sun haɗe da ƙarfen, ko makaho ya shafa ya san ba a kwance su ba tun zamanin da. Ta sa farce ta kankare ɗaya, ta daɗe tana kallo. Sannan ta cire igiyar daga wuyanta ta miƙa wa Janiece.

"Buɗe kawai. Ban ce na ba ki ba."

Janiece ta buɗe ta shiga. Kujerar tana nan a ja baya yadda Rondell ya bar ta, don dogo ne, ƙafarta ba ta kai birki ba. Ta juyo ta kalli uwarta, Vernetta ta gyaɗa kai, sannan ta janyo kujerar gaba. Na kama hannun yayata na kai ta bayan motar.

Na ce, "Janiece, taka birki mu gani."

Suka kama, hagu da dama, ja wur.

Vernetta ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Saki." Suka mutu. Ta ce, "Taka." Suka kama. Sau bakwai ko takwas ta sa yarinyar nan ta taka. Sai ta durƙusa a kan ciyawa ta dafa gilashin hagun da tafin hannunta, hasken yana fitowa ta tsakanin yatsunta, ta yi kukan da ban ga ta yi ba ko a ranar jana'iza. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Janiece ta fito ta rungume ta, muka zauna a ƙasa mu uku kamar yara.

Da ta samu numfashi ta share fuska da gefen rigarta, ta juyo kaina. Na san wannan kallon.

"To kai sarkin wayo, ashe ƙwayayen da kake rabawa ma ba su hana komai. Tasa tana kamawa, suka tsayar da shi."

"Ba su hana duka ba, Yaya. Suna dai rage musu abin faɗa."

"Kenan in ta fita, ba abin da zai tsare mini ita."

Janiece ce ta ce, "Mama, ba abin da zai tsare ni a gidan nan ma. Shekara biyar ina zaune, kina zaune, waɗanda suka kashe shi kuwa suna can suna yawonsu. Ni ina so in je in kula da marasa lafiya. Ina jin tsoro, amma ina so in je."

Vernetta ta daɗe tana juya makullin da Janiece ta mayar mata. Sannan ta kwance gicciyen daga igiyar ta riƙe, ta ɗora makullin a hannun 'yarta ta dunƙule mata yatsu a kai.

"Takardunki a saman madubi za ki maƙala, ba a aljihun mota ba. Ki kira ni in kin isa. Kai kuma," ta nuna ni da baki, "tayoyin nan da kansu za su hura kansu? Akwai sauran kifin jiya, in ka gama. Ban yafe maka ba tukuna, yunwa dai nake tausaya wa."

Na kwashe Asabar da yammacin Lahadi a ƙarƙashin motar nan. Mai, ruwa, tayoyi, roba duk na canja. Ƙwan danja ne kaɗai Vernetta ta ce in bari.

Ran Litinin ƙarfe shida na iso, wai don in ji yadda inji zai tashi, amma kowa ya san ƙafata ce ta ƙi zama. Janiece ta fito da shuɗin kayan asibiti, uwarta na biye da ita da ƙunshin abinci wanda zai ishi mutum huɗu. Ta shiga, ta tayar, ta gyara madubi, ta sa giya. Sai Vernetta ta daki bayan motar da tafin hannu.

"Ina za ki? Tsaya."

Na ce a raina shi ke nan, ta fasa. Janiece ta leƙo ta taga, fuskarta ta canja.

Vernetta ta zagaya a hankali ta tsaya daidai bayan motar, ta gyara gilashin idonta, ta riƙe ƙugu.

"Taka birki in gani."

Janiece ta taka.

"Ta kama," in ji Vernetta. "Je ki, kada ki makara."