Miƙo Hannunka

Sau uku ke nan Nathaniel yana ɗaga labulen ɗakin mahaifiyarsa yana saki. Shekara goma sha biyu yana dattijon ikilisiya, babu gidan makoki daga Daurawa har Hotoro da bai je ya zuba ayoyi ba. Da safen nan aka bugo daga ƙauye cewa 'yan bindiga sun harbe ƙanensa Iliya jiya a gona, sai ayoyin suka watse, suka bar shi daga shi sai tumbinsa. Ga shi likita ya ce zuciyar tsohuwar ba za ta ɗauki firgici ba.

"Ko ka shigo ko ka wuce," in ji Mama Rifkatu daga ciki. "Labulen bai yi maka laifi ba."

Ya shiga ya durƙusa a gefen tabarmarta, ya gyara murya. "Mama, hanyoyin Ubangiji..."

"Ba a coci muke ba. Wa ya mutu?"

Ya faɗa mata, idonsa a kan kwalbar maganinta. Can ta ɗaga hannun hagu don addu'ar safe, wadda kowane ɗa ke da yatsansa a cikinta.

Ta kama babban yatsa. "Ga Nathaniel, ka rage masa surutu." Ta kama na biyu, ta roƙa wa 'yarta Patience lafiya. Da ta zo na uku, na Iliya, sai ta damƙe shi.

"Wannan ya riga ni zuwa wurinka. Ban so ba, Ubangiji, ba zan yi maka ƙarya ba, ban so ba. Amma kai ma an kashe maka Ɗa. Ka san yadda abin yake."

Nathaniel ya ɗago kai ya dube ta. Bai taɓa jin an yi wa Allah ta'aziyya ba.

"Su nawa ne suka harbe shi?" ta tambaya, idonta a rufe.

"An ce biyar. Mama, ba dai su za ki yi wa addu'a..."

"Su ma wata ce ta haife su. Yatsu biyu suka rage mini, ɗaya hannun kuma da shi nake ƙirga. Miƙo naka."

Ya dubi hannunsa, ashe a dunƙule yake tun da aka bugo wayar. Ita kuwa tana jira. A hankali, ɗaya bayan ɗaya, ya soma buɗe yatsun.