Tayoyin Sodangi

A shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, titunan Sakkwato suka cika da sababbin motoci, wasu ko ledar kujerunsu ba a cire ba. Amma a wani layi da ke bayan Ƙofar Taramniya akwai magidanta uku da ba su canza ba. Kowannensu tsohuwar Fijo 403 yake ja: Malam Dauda, malamin firamare mutumin Zuru, da Sodangi, akawu a ma'aikatar gona, da Mode mai shagon ɗinki.

Motar ba ta da laifi sai tsufa. Injinta ba ya gardama, amma kayan gyaranta sun yi wuya, don masu shaguna duk sun koma sayar da na sababbin motoci. Saboda haka mutanen uku suka yi wa kansu dabara. Sodangi ne mai tayoyi masu kyau. Mode ke da fitilu masu haske da waifar share gilashi. Dauda kuwa birkinsa ne ke ci yadda ya kamata. Duk wanda ranar gwajin motarsa ta zo a ofishin duba lafiyar motoci, sai Arzika bakanike ya kwance na wannan ya ɗaura wa wancan. A je, a ci gwaji, a karɓo takarda, kafin la'asar kowa ya karɓi kayansa. Shekaru suna haka, ba wanda ya taɓa faɗuwa, ba kuma wanda ya ɗauki abin a matsayin cuta. Taimakon maƙwabtaka ne, kamar aron turmi.

Martha, matar Dauda, ta saba ganin wannan hidima ta tagar ɗakin girki, ba ta taɓa cewa komai ba. Sai a daminar nan, da wani direba ya kawo saƙo daga Zuru cewa surukarta, wadda kowa ke kira Mama, ta kwanta. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya zama, balle a cusa ta a motar haya. Dole a je a ɗauko ta a kwance a kujerar baya, a kawo ta babban asibiti. Ga shi takardar motar Dauda ta ƙare tun watan jiya, kuma a kowane shinge na hanya sojoji da 'yan sanda ita suke fara tambaya. Wanda ba shi da ita, a nan motarsa za ta kwana.

Aka yi sa'a ranar gwajinsa ta faɗo Alhamis. Ran Laraba Arzika ya zo da jak na ɗaga mota da sifanu, ya yi aikin da ya saba. Ya jingine tsofaffin tayoyin Dauda a bangon zaure.

Martha ta ce ita ma za ta je ofishin. Ta zauna a kan benci ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, jakarta a cinya, tana kallo. Jami'in, wani dogo mai farar riga da farar hula, bai yi wasa da aikinsa ba. Ya durƙusa ya sa yatsa a zanen kowace taya. Ya sa aka kunna fitila babba da ƙarama, aka danna oda, aka motsa waifa. Ya shiga da kansa ya zagaya fili, ya taka birki har ƙasa ta tashi. Da ya fito ya bugi saman motar da tafin hannu.

"Malam, tsohuwar nan ta fi wasu 'yan matan lafiya," ya ce wa Dauda. "Ko Legas ka ga dama ka tafi da ita."

Ya buga hatimi, ya sa hannu. Dauda ya naɗe takardar ya sa a aljihun gaba, yana ta murmushi har gida. Martha kuwa maganar Legas ɗin ce ta tsaya mata a rai.

Suna shiga layi suka tarar da Sodangi a ƙofar gida, Arzika na gefensa da jak a hannu. Motar Sodangi na can ɗore a kan duwatsu, ba ƙafa ko ɗaya.

"Ticha, an samu?" Sodangi ya ɗaga murya.

"An samu. Ya ce ma ta fi 'yan mata."

"To ai ƙafafun amaryata ta ara! Arzika, kwance mini abina. Gobe da sahe ni ad da layin gwaji."

Arzika ya tura jak ƙarƙashin motar. Martha ta fito, ta nufi zaure, sai idonta ya faɗa kan tayoyin da ke jingine. Ta daɗe ba ta dube su da kyau ba. Sun suɗe sumul kamar bayan ƙwarya, ɗaya har zare ya leƙo. Ta ɗaga kai ta ga hadari ya haɗu a gabas. Ta tuna inda kwalta ke ƙarewa a hanyar Zuru, jar ƙasar nan mai santsi idan ta sha ruwa. Ta tuna nauyin Mama.

Ta dawo ta tsaya a jikin ƙafar gaba, daidai inda Arzika zai sa sifana.

"Baban Tabita," ta ce wa mijinta, "da wace mota za mu Zuru gobe?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Mota nawa gare ni?"

"Wadda mutumin ya duba, ko waccan ta jikin bango?"

Dauda ya taɓa aljihunsa. "Ga takarda, Martha. A gabanki aka buga hatimi."

"A gabana aka buga. Tayoyin Malam Sodangi aka buga wa, da fitilun Mode. Kai birki kawai gare ka a ciki."

Arzika ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya yi shiru.

"Maman Tabita," in ji Sodangi, "wagga magana ba yau munka fara ta ba. Kowa ya san yadda mu kai."

"Na sani, Malam. Kowace shekara kuna haɗa mota lafiyayya guda, ku kai wa mai farar hula ya gani, ku dawo ku wargaza ta. Ba ta taɓa zuwa ko'ina ba sai ofishin nan. Ni dai roƙona, wannan karon ta je Zuru."

Sodangi ya cire hula ya sosa kai. "Kin san mi kika ce kuwa? In ban kai tawa gobe ba, sunana ya koma ƙasa. Motocin Udojin ga sun cika layi, sai wani watan. Ni da mota a ƙofar gida, in koma hawan keke kamar masinja?"

"Na san abin da na roƙa."

Dauda ya ji kunya. Ya ce a bari, zai tuƙa a hankali, ai ya sha zuwa da su haka. Martha ba ta dube shi ba, kuma ba ta matsa daga jikin tayar ba. Ba ta taɓa tsayawa gardama da maƙwabci a titi ba, amma ta riƙe jakarta da hannu biyu ta tsaya.

Sodangi ya taka zuwa zaure. Ya mirgino tayar nan mai zare, ya danna ta da babban yatsa, ya daɗe yana kallonta.

"Ticha, da wagga za ka ɗauko tsohuwa?"

Sodangi ya girgiza kai.

"Kai dai Allah ya shirye ka. Ko jakina ba ni ɗaura ma wagga." Ya saki tayar ta faɗi. "Arzika, sauke jak. Ka je ka ce ma Mode fitilunshi sai an dawo, in yana da magana ya same ni." Ya juyo wajen Martha yana nuna ta da hula. "Ke kuma, in kunka huda mini ko guda, ke za ki yi faci da hannunki."

"Na yarda, Malam. Allah ya saka."

Washegari da sassafe suka kama hanya. A shinge soja ya karɓi takardar, ya duba hatimi, ya miƙo. Ran Asabar suka juyo, Mama na kwance a baya, kanta a cinyar Martha. Ruwa ya same su tun kafin su hau kwalta. Waifar Mode ta yi ta kai da komo, motar ta yi ta kutsawa cikin jar laka, sau biyu bayanta ya goce ya dawo. Kafin magariba an ba Mama gado a asibiti.

Ran Litinin Martha na shara a ƙofar gida sai ga Sodangi a kan keke zai tafi ofis, ya tattare babbar riga a kafaɗa, ya cusa bakin wando cikin safa. Ya tsaya ya tambayi jikin tsohuwa, ta ce da sauƙi, kumburin ya fara saɓewa. Ya ce madalla. Sannan ya jingine keken, ya zagaya motar Dauda, ya durƙusa yana duba tayoyinsa ɗaya bayan ɗaya.