Ranar da Aina'u Ta Fasa Sito

A gidan marigayi Malam Ja'afar, a wani ƙauye tsakanin Bagwai da Kunci, mabuɗin sito a aljihun Dabo yake kwana. Shi ne babban ɗa, shi ya riƙe gandu bayan rasuwar uban. Ƙanensa Kassimu yana noma tare da shi duk damina, da an gama girbi kuma sai ya tafi cin rani Legas, ya bar matarsa Aina'u da ɗansu Mudassir a gida. Duk abin da za ta ɗora a murhu, Dabo ne ke auno mata.

A shekarar da abin ya faru, Dabo ya sayar da yawancin wake da gyaɗa tun da kaka ya sayi babur. Ragowar ya kulle yana jiran su yi tsada. Dawa kawai yake fitarwa, sai kuka da ɗan daddawa. Aina'u ta rame har zanenta yana kwancewa, amma yaron yana nan da kumatunsa, tun da yana shan nono.

Kassimu bai daɗe da tafiya ba ta gane tana da ciki. Ta so ta ɓoye, amma surukarta Inna Kulu ta gane daga yadda take tofar da yawu. Inna ta ce nonon mai ciki guba ne, ba za a kashe mata jika tana kallo ba. A ranar ta sa Aina'u ta shafa maɗaci a nono, ta fizge yaron daga cinyarta ta kai shi ɗakinta. Lokacin bai daɗe da cika shekara ba. Ya yi ta kuka yana dukan ƙofa da tafin hannu har muryarsa ta dushe, Aina'u kuwa tana tsakar gida nono na zuba yana jiƙa mata riga.

Daga nan abincinsa ya zama koko tsinkakke, ba madara, ba komai. Bazara ta matsa, rijiyar unguwa ta ja baya, ruwan da guga ke fitarwa duk laka ne. Gudawa ta kama shi. Kafin a ankara fatar ɗuwawunsa ta tattare kamar ta tsoho, gashinsa ya yi ja yana karyewa, ya daina ko rarrafe. Sai dai a ajiye shi a tabarma ya bi mutane da ido.

Inna Kulu ta ce beli ne ya sauko masa a maƙogwaro, shi ya hana shi cin abinci. Ta kira wanzami. Aina'u ta roƙe ta a bari, Dabo ya daka mata tsawa ya ce ta koma ɗaki. Shi da kansa ya danne yaron tsakanin gwiwoyinsa, ya matse masa muƙamuƙi har bakin ya buɗe. Wanzamin ya zura ƙarfensa ya yanke. Jini ya cika bakin yaron, ya shaƙe, ya amayar da shi a kan wandon Dabo. Bayan wannan ko kokon ma bai ƙara yarda ya haɗiya ba.

Wata safiya da Dabo ya fita kasuwa, Aina'u ta goya shi ta bi hanyar gonaki da ƙafa zuwa ƙaramin asibitin garin da ke kusa da su. Ba ta tambayi kowa ba. Ma'aikaciyar da ta karɓe su ta zagaya wani ɗan tef a dantsen yaron, awon ya tsaya a kan ja, alamar haɗari. Ta tambayi yaushe aka yaye shi, me yake ci, wane ruwa yake sha, ita uwar me take ci. Da ta ji amsoshin sai ta ce tamowa ce, kuma da an bar shi da nononsa da bai kai haka ba, don ciki ba ya ɓata nono. Ta ba ta magani da ledojin abincin tamowa, wanda ake haɗawa da gyaɗa da madara, ta ce a riƙa tafasa masa ruwa, a sa masa wake ko gyaɗa a kununsa.

"Wannan ledar magani ce," in ji ta. "Tasa ce shi kaɗai, ko ke kada ki lasa."

A zaure Aina'u ta tarar da Dabo yana jiranta. Bai bari ta gaishe shi ba ya kwaɗa mata mari, yaron na bayanta. Ya ce ta fita ba izini, ta je ta kwance masa zani a gaban ma'aikata, yanzu za a ce gidan Malam Ja'afar ba a ci. Ya karɓe ledojin ya ce shi zai ajiye, zai riƙa ba ta kullum.

Ya ba ta sau ɗaya. Ta matsa wa yaron a yatsa, ya lasa, ya sake lasa, ya kama yatsan da hannu biyu ya ƙi saki. Washegari da ta nema Dabo ya ce sai ya dawo. Ranar da ta biyo ma haka ya ce. Ta fito sharar zaure da hantsi, bayan abokansa sun tashi daga shan shayi, sai ta ga ledojin a ƙasa, an farke su an suɗe tas, ga ɓurɓushin burodi a kan tabarma.

Ta tsaya tana kallon su, tsintsiya a hannunta. Sannan ta koma ciki, ta kwantar da Mudassir a inuwar darbejiya, ta ɗauki taɓarya. Inna Kulu tana tankaɗe ta ɗago kai ta tambaye ta ina za ta. Aina'u ta wuce ta nufi sito. Ta yi ta dukan kwaɗon sito har sakatar ta tumɓuke daga jikin katako. Ta farke buhu da wuƙa, ta cika ƙwarya da gyaɗa, ta cika kwano da wake, ta zo ta hura wuta.

Gyaɗar tana cikin kasko aka ji ƙarar babur. Dabo ya shigo, ya ga ƙofar sito a wangale, wake ya zube a ƙasa kaji na bi. Ya zare bel ɗinsa.

"Yaya Dabo, ka cinye maganin yaro," in ji Aina'u. "Ka bar masa wannan."

Ya zuba mata bel ɗin ta wajen ƙarfen, goshinta ya fashe. Ya shure kaskon, gyaɗa da rairayi mai zafi suka watsu, wani ya faɗa a ƙafar yaron. Jin ƙarar ɗanta ya sa ta rarumi taɓarya ta maka wa Dabo a gwiwa. Ya durƙusa, ya miƙe da ɗingishi, ya fizge taɓaryar ya jefar, ya kama wuyanta ya buga ta da bangon sito. Da ta faɗi ya sa ƙafa ya yi ta shurin ta a ciki da haƙarƙari. Inna Kulu ta riƙe masa riga tana salati, ya ture ta ta zauna a cikin garin da take tankaɗewa. Sai da maƙwabta suka hauro ta katanga, maza suka rirriƙe shi, sannan ya bari.

Kafin la'asar jini ya ɓalle wa Aina'u. Maƙwabciyarsu Halimatu Sadiya ce ta nemo mota aka kai ta asibiti, ita ce kuma ta riƙe yaron. Cikin ya zube a hanya. Mijin Halimatu ya buga wa Kassimu waya ya gaya masa komai, bai rage ba.

Bayan kwana biyu Kassimu ya sauka a bakin titi da rana tsaka, ko jaka babu a hannunsa. Bai shiga gida ba. An ce masa Dabo yana gona yana sharar kara, don hadari ya fara haɗuwa. Ya bi ta cikin gonakin mutane, yana wuce masu gaishe shi. Dabo ya hango shi, ya daina shara, ya gyara riƙon fartanyarsa.

Waɗanda ke gonakin kusa sun ce Kassimu tambaya ɗaya ya yi, ko rabin abin da ke cikin siton ba guminsa ba ne. Dabo ya ce ya je ya koya wa matarsa ladabi tukuna. Suka kama juna. Dabo ya sara masa fartanya a kai, jini ya rufe wa Kassimu ido ɗaya. Suka faɗi suna birgima a kan kunya. Hannun Kassimu ya kai ga addar da Dabo ya ajiye a gindin gawo, ya ɗauka ya kai sara. Dabo ya kare fuskarsa da hannun dama, addar ta shiga tsintsiyar hannun har ƙashi. Da mutane ba su iso ba da ya ƙara.

'Yan sintirin ƙauyen suka ɗaure Kassimu da igiyar guga, suka yi masa duka da gora a gaban jama'a kafin su miƙa shi ga 'yan sanda. Inna Kulu ta biyo su ba ɗankwali, tana kiran sunan wannan tana kiran na wancan.

Mahaifiyar Aina'u ta zo daga Ungogo ta ɗauke 'yarta da jikanta. Ba ta yi wa kowa sallama ba a gidan. An kwantar da Mudassir a wani asibiti a cikin Kano, aka zura masa roba ta hanci ana ɗura masa madara. Aina'u tana gefen gadon da ɗinki a goshi, ko zama sosai ba ta iya yi saboda haƙarƙarinta. Yaron da ke gadon kusa da su bai tashi ba. Nata ya tashi, a hankali.

Alƙali ya ɗaure Kassimu. An gurfanar da Dabo shi ma kan dukan da ya yi, amma dattawa suka shiga tsakani aka ce a bar shi da abin da ya same shi, don hannun ya shanye, ko cokali ba ya riƙewa. Dagaci ya raba gandun biyu. Daminar nan rabin Kassimu ciyawa ce ta cinye shi.

Aina'u ba ta koma ƙauyen ba. Tana soya awara a ƙofar gidan uwarta, inda 'yan adaidaita ke tsayawa. Mudassir bai taka da ƙafarsa ba sai da ya kusa shekara uku. Da ya fara tafiyar ta kai shi gidan gyaran hali ya ga ubansa. Wata mata da ke layin ziyara ta yi masa wasa, ta tambaya ko ya cika shekara da rabi. Aina'u ta ce ya wuce.

Da aka fito da Kassimu, yaron ya ɓuya a bayan zanenta. Kassimu ya tsugunna, ya daɗe yana kallon sa ta cikin ragar ƙarfe. Ya tambaya ko yana cin abinci. Ta ce yana ci. Ya ce idan ya fito zai sayar da rabonsa na gonar ya dawo Ungogo, ta ce Allah ya kai mu. Gandiroba ya buga ƙarfe, ta saɓa yaron a kafaɗa suka fita neman mota.