Gwangwanin Ɗanmalam

Ɗanmalam mai haƙar rijiya bai bar dukiyar da za a yi faɗa a kanta ba. Gona ce ɗaya a bakin tabkin ƙauyensu, gabas da Cadawa, sai 'yan tumaki, da igiya, da ƙarfen haƙa, da wani rediyo da sai an mare shi yake magana. Amma ya bar wani babban gwangwanin madara cike da magani, kuma wannan gwangwanin shi ya hana matarsa Shatu sakat tun ranar da ta shiga takaba.

Jinyar ce ta yi tsawo. An je likitar Cadawa, wato asibitin garin, an je Agiye, an kai har Maraɗi, kuma duk inda aka je sai a canza magani a ce a bar na da. Shatu ba ta iya zubar da abin da aka sayar da hatsi aka saya, don haka kowane saura gwangwani yake komawa: farare ƙanana, jajaye, masu kwanso launi biyu, har da na ruwa a 'yar kwalba. Ba ta san sunan ko ɗaya ba, da launi ta san su. Kullum da safe in ta ɗauko gwangwanin yana kacau-kacau, sai Ɗanmalam ya ɗago kai daga tabarma ya ce, "Ga mai tallan gyaɗa nan ta iso." Har ya rasu bai gaji da wannan tsokanar ba.

Da farko ba ta ga wata matsala ba. Kayan mamaci ai sadaka ake yi da su, ladar ta kai masa. Da maƙwabciyarta Balki ta shigo gaisuwa tana kukan ciwon kai, Shatu ta zaɓo mata farare ƙanana, ta ce ta sha ta yi wa marigayi addu'a. Balki ta sha, ta tafi ɗiban ruwa. A bakin rijiya jiri ya kwashe ta, ta zube da guga a hannu, kuma ba don wata mata ta cafke zanenta ba, da cikin rijiyar da Ɗanmalam ya haƙa da hannunsa za a je a tsamo ta.

Da aka kai Balki likitar Cadawa, majo, wato babbar ma'aikaciyar jinya, wata mai suna Zahra'u, ta ce maganin hawan jini ne aka ba wadda jininta bai hau ba. Ta aiko wa Shatu da saƙo cewa kada ta ƙara ba kowa, kada kuma ta zubar, ta kawo mata sauran. Shatu ta yi kuka sosai, don kunya da tsoro ne suka haɗu suka rufe ta. Ta ɗaure gwangwanin a tsumma, tana neman wanda za ta aika, sai ga Chindo, wan marigayi.

Da yake 'ya ɗaya Ɗanmalam ya bari, Saliha da ke aure a Gazawa, Chindo yana cikin magada, kuma mutum ne da ko ƙusa ya gani a hanya sai ya sunkuya.

"Ina za a kai wanga?" ya tambaya daga bakin ƙofa.

"Likita, Yaya. Majo ta ce a maida mata."

"A maida mata? Ita ta saye shi? Shatu, ki ji tsoron Allah. Gado ne. Ko allura mamaci ya bari ba a taɓa ta sai an raba. Ni ga gwiwa ta dame ni, abin da ya rage kuma akwai mai tallan magani kasuwar Cadawa, tuni mun yi magana da shi."

Nan Shatu ta rasa tudun dafawa. In ta fitar da gwangwanin ta ci gado, in ta bar shi zai shiga bakin mutanen da ba ta ma sani ba, kowannensu da tasa rijiyar.

Matan da ke zuwa taya ta zama ba su rage mata komai ba, don shawara a ƙauye ta fi ƙasa araha. Wata ta ce a ba yaro ya watsa a tabki, in an tambaya a ce ɓera ne. Shatu ta tuna nan awakin gari suke sha, nan yara suke kamun kifi. Wata ta ce a zuba a salga, wata ta ce a haƙa rami bayan ɗaki. Da wata ce ba matar mai haƙar rijiya ba, da ta yarda. Amma ita ta sha jin Ɗanmalam yana faɗa wa masu gina salga kusa da rijiya cewa ƙasa ba ta riƙe amana, duk abin da ka ba ta ajiya ruwa take miƙa wa. Balki kuwa, da ta warke ta dawo, cewa ta yi a jefa a murhu kowa ya huta. To hayaƙin fa, hancin wa zai shiga, kuma tuwon wa ke kan murhun?

Ta aika Saliha wajen liman da tambayar. Amsa ta dawo da ƙafa biyu: ba a taɓa gado kafin rabo, kuma ba a cutar da Musulmi. Shatu ta ce ai waɗannan biyun ta san su tun kafin ta aika, wanda za ta bi take tambaya. Saliha ta ce iyakar abin da malam ya faɗa ke nan. Ranar Shatu ta zuba gishiri sau biyu a miya, kuma a sallar la'asar ta kasa tuna ko raka'a ta nawa take.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabo a zaure. Aka shimfiɗa tabarma, aka jera igiya da ƙarfen haƙa da rediyo, aka ɗaure tumaki a waje, Chindo kuma ya ajiye gwangwanin a gabansa, hannunsa na kai. Liman ya ware wa Shatu tumuninta, rabon matar mamaci. A ciki har da wata tunkiya fara mai ciki, wadda ita ta yi renonta tun tana 'yar ƙarama.

Shatu tana bayan asabari tana ji. Ba ta shirya komai ba, ita kanta sai jin muryarta ta yi.

"Malam, a sa mani gwangwanin cikin rabona."

Chindo ya ce, "Wanga gwangwani? Kin san hatsin da ya ci kuwa? Rabonki ya cika, sai dai ki aje wani abu."

"Mi zan aje?"

Ya leƙa waje, bai ko ji kunya ba. "Tunkiyar."

Saliha ta riƙe hannunta tana raɗa mata, "Inna, ki yi hankali, haihuwa za ta yi." Liman ya tambaye ta ko da yardarta take magana. Shatu ba ta san ko da yardarta ba ne, ta dai san ba ta son ta sake jin an ce wata ta faɗi bakin rijiya. Ta ce ta yarda. Aka shafa fatiha, Chindo ya ja tunkiya tana waiwaye tana kuka, mata kuma suka fara cewa baƙin ciki ya taɓa kan Shatu.

Washegari da hantsi ta lulluɓe, Saliha ta raka ta, suka hau amalanken Mamman zuwa Cadawa. Liman ya riga ya ce fitar lalura da rana ba ta ɓata takaba. Duk ramin da amalanke ya faɗa sai gwangwanin ya yi kacau-kacau a cinyarta, ita kuma ta ƙara rungume shi. A hanya ta ga tabkin ya cika, shanun Fulani suna sha, ta kau da kai.

Majo Zahra'u ba ta yi dogon bayani ba, don layin masu jiran ta ya kai bakin bishiya. Ta ce, "Sannu Inna, kin kyauta." Ta buɗe gwangwanin, ta juye shi cikin wani kwali inda ake tara magungunan da suka lalace kafin a kai su wurin ƙonawa na musamman, ta ƙwanƙwasa gindinsa don kada wani ya maƙale. Abin da ya hana Shatu barci tun rasuwar, abin da ya cinye tunkiya mai ciki, bai ɗauki lokacin shan ruwa ba.

Shatu ta tsaya tana jiran wani abu, ita ma ba ta san ko mene ne ba.

"Shi ke nan?" ta tambaya.

"Shi ke nan, Inna. Ga gwangwaninki."

A kan amalanke Saliha ta yi ta lissafa abin da tunkiyar za ta haifa, da wanda 'ya'yan za su haifa, har Mamman ya sa baki yana cewa shi dai bai taɓa ganin cinikin da ya fi wannan ɗaure kai ba. Shatu ba ta musa ba. Ita ma ta juya maganar ta kowace fuska, ta kasa gane ko wayo ta yi ko wauta. Da suka wuce rijiyar bakin gari ta hango Balki tana jan guga, tana dariya da wasu mata, zanenta a ɗaure tamau.

Amalanke ya faɗa wani rami, Shatu ta rungume gwangwanin kamar yadda ta saba, ba ta ji komai ba. Ta ɗaga shi kusa da kunnenta ta girgiza, ta sake girgizawa. Sai a lokacin ta tuna ba mai sake kiran ta mai tallan gyaɗa, ta ja lulluɓinta ta rufe fuska, tana kuka har suka isa ƙofar gida.